Birnin Benis da Ambaliyar Teku: Nazarin Lamari daga 1966 zuwa 2022

Wurin da yanayinsa

Birnin Benis, wanda mutanen Italiya ke kira Venezia, yana arewa maso gabashin ƙasar, a tsakiyar wani tafki na ruwan gishiri mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 550. An gina shi a kan ƙananan tsibirai sama da 100 waɗanda gadoji fiye da 400 suka haɗa, kuma hanyoyin ruwa ne titunansa, domin babu mota a tsohon garin. Tsakanin tafkin da Tekun Adiriyatik akwai siraran tsibirai na yashi da suka yi masa katanga, sai mashigai uku da suka rage a buɗe, wato Lido da Malamocco da Chioggia. Ta waɗannan mashigai teku ke shiga tafkin ya fita sau biyu a kowace rana, kuma wannan shiga da fita ce ke kwashe ƙazantar gari, tun da yawancin tsohon garin ba shi da magudanar bahaya irin ta zamani.

Magina na farko sun kafa turakun itace a cikin laka, suka shimfiɗa katako a kai, sannan suka ɗora farin dutsen Istiriya wanda ruwa ba ya ratsawa, a daidai inda ruwa ke kaiwa. Daga saman dutsen ne jan bulo ke farawa. Muddin ruwa bai haura layin dutsen ba, ginin lafiya lau yake. Idan ya haura, bulo yakan sha ruwan gishiri, danshi ya hau bango, in ya bushe gishirin ya daskare a cikin bulon ya farfasa shi daga ciki.

Hukumomin tsohuwar jamhuriyar Benis sun ɗauki ruwa a matsayin babban al'amarin mulki. A 1501 suka kafa hukumar ruwa mai suna Magistrato alle Acque, kuma a ƙarnonin da suka biyo baya suka karkatar da kogunan Brenta da Piave da Sile daga tafkin don kada laka ta cike shi. Tsakanin 1744 da 1782 kuma suka gina ganuwar dutse a gefen teku, wadda ake kira murazzi, don kare siraran tsibiran daga igiyar ruwa.

Yadda ake auna ruwa da abin da ke tayar da shi

Duk adadin santimita da za a ambata a nan ana ƙirga shi ne daga matsakaicin tsayin teku na shekarar 1897, kamar yadda aka auna a Punta della Salute, wurin awon ruwa a cikin birnin. Saboda haka idan aka ce ruwa ya kai santimita 110, ba ana nufin zurfinsa a kan titi ke nan ba. Dandalin San Marco, wanda yake cikin wurare mafi kwari a birnin, yana fara jiƙewa ne da ruwa ya kai kimanin 80, zauren shiga babbar majami'ar da ke dandalin kuwa, kafin a yi masa kariya, tun wajen 65. A 110 kimanin kashi 12 cikin 100 na birnin ke shiga ruwa, a 130 kusan rabi, a 140 kusan kashi 60.

Mutanen garin suna kiran wannan ambaliya acqua alta, kuma takan zo ne galibi daga Oktoba zuwa Janairu. Cikar teku ta yau da kullum, wadda wata da rana ke jawowa, ba ta isa ta cinye garin ita kaɗai. Sai an samu iskar shirokko daga kudu maso gabas tana tura ruwa tsawon Adiriyatik zuwa ƙuryarsa ta arewa inda Benis yake, a lokacin da nauyin iska ya ragu a sama, teku ya ɗan kumbura. Akwai kuma wani abu na uku da ke wahalar da masu hasashe. Adiriyatik dogo ne siriri, a toshe ta arewa, don haka idan guguwa ta wuce ruwansa yakan ci gaba da kai da komo kamar ruwa a daro da aka girgiza, yana dawowa bayan kimanin sa'o'i 22. Shi ya sa ambaliya ɗaya kan haifi wata washegari, ko da iska ta kwanta.

1917 zuwa 1970: ƙasa ta yi ƙasa, teku ya hau

A 1917 aka fara kafa yankin masana'antu da tashar jiragen ruwa a Porto Marghera, a gaɓar tafkin ta ɓangaren tudu. Masana'antun suna buƙatar ruwa mai yawa, sai suka haƙa rijiyoyin burtsatse suna zuƙo shi daga ƙarƙashin ƙasa, tun daga wajen 1930, kuma zuƙar ta fi tsanani tsakanin 1950 da 1970. Da ruwan ƙarƙashin ya ragu, laka da yashin da ke ɗauke da yankin suka matse, birnin ya nitse a hankali ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Ƙididdigar da aka fi ambata ta nuna cewa a ƙarni na 20 Benis ya yi asarar kimanin santimita 23 idan aka gwada da teku, kusan rabi saboda nitsewar ƙasa, sauran kuma saboda hauhawar tekun kansa.

A lokaci guda an sauya fasalin tafkin. An cike wasu fadamu don samun filin masana'antu, wanda ya rage wurin da ruwa ke bazuwa. An yi wa mashigan uku dogayen katangu an kuma zurfafa su, sannan a shekarun 1960 aka haƙa wata hanya mai zurfi daga Malamocco zuwa Marghera don jiragen dakon mai. Masana sun daɗe suna jayayya kan gwargwadon abin da wannan hanya ta ƙara wa tsayin ambaliya, amma babu jayayya cewa ta hanzarta zaizayar gindin tafkin da ke kewaye da ita.

4 ga Nuwamba 1966

A wannan rana, wadda kogin Arno ya ci birnin Firenze, ruwa ya kai santimita 194 a Benis, kuma har yau ba a auna wanda ya fi shi a cikin birnin ba. Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne daɗewarsa. Iska ta hana ruwan safe janyewa, cikar yamma ta zo ta hau kansa, ruwan ya yi kimanin sa'o'i 22 sama da 110. Wutar lantarki da wayar tarho suka yanke, man da ake ɗumama gidaje da shi ya malalo daga tankuna ya shafe bango da kaya, kantuna da ɗakunan ƙasa suka lalace. A Pellestrina, ɗaya daga cikin siraran tsibiran, igiyar ruwa ta fasa tsohuwar ganuwar dutse a wurare da dama, aka kwashe mutane da jirage.

A 1951 mazauna tsohon garin sun kai kimanin 175,000, a 1966 sun riga sun ragu zuwa kimanin 121,000. Ambaliyar ta sa iyalai da yawa da ke zaune a ɗakunan ƙasa suka tattara suka koma Mestre a kan tudu, kuma mafi yawansu ba su dawo ba. A ɗaya ɓangaren, ta jawo hankalin duniya, inda hukumar UNESCO ta yi kira a taimaka, ƙungiyoyi masu zaman kansu daga ƙasashe daban-daban suka fara tara kuɗi don gyaran majami'u da zane-zane.

1970 zuwa 2002: abin da aka gwada kafin a taɓa mashigai

Matakin farko da ya yi tasiri shi ne mafi sauƙi. A farkon shekarun 1970 aka dakatar da zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka janyo wa masana'antu ruwa daga kogi. Nitsewar da rijiyoyi ke jawowa ta tsaya, har ƙasa ta ɗan ɗago da kimanin santimita 2. Sai dai abin da aka rasa ya tafi ke nan, domin laka idan ta matse ba ta komawa yadda take. Abin da ya rage shi ne nitsewar ƙasa ta asali, wadda ba ta da sauri, da kuma hauhawar teku.

A 1973 majalisar Italiya ta yi dokar musamman wadda ta ce ceton Benis babbar maslaha ce ta ƙasa baki ɗaya. A 1975 aka buɗe gasa don neman tsarin kare tafkin, amma ba a zaɓi ko ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka gabatar ba. Ranar 22 ga Disamba 1979 ruwa ya kai 166, abin da ya sa hukumar birni ta kafa cibiyar hasashe da gargaɗi a 1980. Ana busa jiniya sa'o'i kafin ruwa ya iso, daga baya aka ƙara saƙon waya, kuma a 2007 aka sauya jiniyar ta zama mai sautuka huɗu, ta yadda mai kanti zai san ko 110 ke tafe, ko 120, ko 130, ko 140 zuwa sama. Ma'aikata kan jera dogayen tebura na tafiya a manyan hanyoyi, waɗanda ke amfani har zuwa wajen 120, domin sama da haka ruwa na iya ɗaga su.

Magidanta da 'yan kasuwa sun yi nasu dabarun. Sun sa faifan ƙarfe a bakin ƙofa, amma da yake ruwan yakan ɓullo ta ƙasan daɓe da bututun wanka, sai sun haɗa da injin jan ruwa. Masu hali sun zuba wa ƙasan gida kankare kamar kwatami wanda ruwa ba ya ratsawa, wasu sun yanka bango suka cusa farantin dalma don tare hawan danshi. Daga 1997 wani kamfani na birnin mai suna Insula ya ɗauki aikin yashe hanyoyin ruwa da aka yi shekaru ba a taɓa ba, da gyaran harsashin gine-gine, da ɗaga daɓen tituna zuwa 110 ko 120 inda ya yiwu. Wannan aiki yana da iyaka, domin ba za a ɗaga titi ya fi dokin ƙofar tsoffin gidaje ba, kuma ba a yarda a binne gindin ginshiƙan tarihi ba. A bakin teku kuma an gyara ganuwar dutse, an zuba yashi an faɗaɗa gaɓar Pellestrina da Cavallino.

Duk waɗannan sun rage wahalar ƙananan ambaliyoyi, amma babu wanda zai tare ruwa irin na 1966. Don haka tun 1981 wani kwamitin masana ya ba da shawarar ƙofofin da za a iya rufewa a mashigan uku. Dokar 1984 ta ba da damar a miƙa nazari da tsarawa da ginawa duka ga hannu ɗaya ba tare da gasar kwangila ba, kuma gamayyar kamfanoni mai suna Consorzio Venezia Nuova ce ta samu. Daga 1988 zuwa 1992 aka gwada ƙofa ɗaya ta gwaji a Treporti, a mashigar Lido, wadda daga sunanta aikin ya samo sunan MOSE, sunan da ya yi daidai da yadda Italiyawa ke kiran Annabi Musa. A 1998 kwamitin tantance illa ga muhalli ya ƙi amincewa da tsarin, alhali wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya goyi bayansa a shekarar, kuma a 2000 kotu ta soke ƙin amincewar.

2003 zuwa 2014: gini da badaƙala

An aza harsashi a watan Mayu 2003, shekaru kusan 37 bayan babbar ambaliya. Sharaɗin da aka gindaya wa injiniyoyi shi ne kada a ga ginshiƙi ko gada a saman ruwa, kuma kada a taƙaita shige da ficen teku a ranakun da babu haɗari. Wannan sharaɗi ne ya haifar da tsarin da aka zaɓa, da mafi yawan wahalhalunsa.

Ƙofofin 78 ne, a layi huɗu. Mashigar Lido ta fi faɗi, sai aka gina tsibiri a tsakiyarta aka raba ta biyu, ƙofa 21 a Treporti da 20 a San Nicolò, sannan 19 a Malamocco da 18 a Chioggia. Kowace ƙofa akwatin ƙarfe ne mai faɗin mita 20, tsawonta kuma daga kimanin mita 18 zuwa kusan 30 gwargwadon zurfin wurin. A ranakun lafiya tana cike da ruwa, kwance a cikin gurbinta na kankare a gindin teku, jirage na wucewa ta samanta. Idan za a rufe, sai a hura mata iska da ƙarfi ta kore ruwan, ta yi sauƙi, gefe ɗaya ya taso saman ruwa yayin da ɗaya gefen ke riƙe da mahaɗan ƙarfe biyu da take juyawa a kansu. Tasowar kan ɗauki kimanin minti 30. An tsara su don tare ruwa har mita 3, kuma a cikin gurabun akwai hanyoyin ƙarƙashin teku da ma'aikata ke bi don duba bututu da wayoyi.

Adawa ba ta tsaya ba bayan fara aiki. A 2006 magajin gari Massimo Cacciari ya gabatar da wasu tsare-tsare masu rahusa, ciki har da rage zurfin mashigai, amma gwamnatin tarayya a Roma ta ƙi karɓa. Ranar kammalawa da aka sa a farkon shekarun 2010 ta wuce, aka yi ta ɗagawa, kuɗin aikin kuma ya yi ta hawa har ya kai wajen Yuro biliyan 6.

A 2013 aka kama Giovanni Mazzacurati, wanda ya daɗe yana shugabantar gamayyar kamfanonin, kuma ranar 4 ga Yuni 2014 alƙali ya ba da umarnin kama mutum 35. Masu bincike sun gano cewa ana ƙirƙiro takardun biyan kuɗi na bogi, a tara kuɗin a ɓoye, a raba wa 'yan siyasa da jami'an da ya kamata su sa ido a kan aikin, ciki har da wasu shugabannin hukumar ruwa. Giancarlo Galan, wanda ya shugabanci yankin Veneto, inda Benis yake, daga 1995 zuwa 2010, ya sasanta da masu gabatar da ƙara a kan ɗaurin shekara 2 da wata 10 tare da ƙwace Yuro miliyan 2.6. A shekarar gwamnati ta rushe hukumar ruwan da ta gaji sunan ta 1501, ta kuma naɗa kwamishinoni su riƙe gamayyar.

Bayan haka aiki ya yi sanyi ƙwarai. Wasu kamfanonin gamayyar sun durƙushe, kuɗi ya riƙa makalewa, ƙofofin da aka riga aka nutsar suka zauna shekaru ba kulawa. Tsatsa ta bayyana a wasu sassan mahaɗan, halittun ruwa masu ɓawo suka manne wa ƙarfe, kuma a Treporti yashi ya riƙa cika gurabun har wasu ƙofofi suka kasa komawa su kwanta bayan gwaji. Mashigar da aka gina a Malamocco don jirage su wuce yayin da ƙofofi ke rufe, ita ma guguwa ta lalata ƙofarta a 2015.

Nuwamba 2019

A daren 12 ga Nuwamba 2019 hasashe ya nuna ruwa zai tsaya wajen 140 zuwa 145. Sai wata ƙaramar guguwa mai saurin tafiya ta ratsa tafkin da iska mai ƙarfi a daidai lokacin cikar teku, ruwa ya kai 187, na biyu a tarihin awo. Sama da kashi 80 cikin 100 na birnin ya shiga ruwa. Iska ta jefa jiragen haya kan gaɓa, ɗakin ƙarƙashin majami'ar San Marco ya cika, mutum biyu suka mutu a Pellestrina, ɗaya daga cikinsu wutar lantarki ce ta kama shi. Ruwa ya sake kai 154 ranar 15, da 150 ranar 17. Magajin gari Luigi Brugnaro ya ƙiyasta ɓarnar da kusan Yuro biliyan 1, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, ta yi alkawarin biyan har Yuro 5,000 ga magidanci da 20,000 ga mai sana'a a matakin farko.

A wannan dare dukan ƙofofin 78 suna kwance a gindin teku. Ana cewa an kammala fiye da kashi 90 na aikin, amma injinan hura iska da na'urorin sarrafawa ba su cika ba, ba a taɓa ɗaga layukan huɗu tare ba, kuma makonni kaɗan kafin nan an ɗage wani gwaji a Malamocco saboda girgizar da aka gani a bututu. Ba kuma a fayyace wanda ke da ikon ba da umarnin rufewa ba. A cikin watan gwamnati ta naɗa Elisabetta Spitz kwamishina ta musamman da aikin kai tsarin ga fara amfani.

2020 zuwa 2022: an fara rufewa

Ranar 10 ga Yuli 2020 aka ɗaga ƙofofin 78 tare a karon farko, a gaban firaminista Giuseppe Conte, cikin yanayi mai kyau. Gwajin gaske ya zo ranar 3 ga Oktoba, lokacin da teku ya kai wajen 130 a waje, ruwan cikin birni kuwa ya tsaya kusa da 70, dandalin San Marco ya kasance a bushe.

Wata biyu bayan nan, ranar 8 ga Disamba, aka ga ɗaya fuskar lamarin. A lokacin an tsayar da cewa ba za a rufe ba sai hasashe ya kai 130. Hasashen ranar ya ce 125, don haka ba a kira ma'aikata ba, ba a kuma dakatar da jirage ba. Iska ta ƙaru fiye da zato, ruwa ya kai 138, kuma lokacin da aka gane haka damar rufewa ta wuce, domin tara ma'aikata a wurare huɗu da sanar da tashar jirage na buƙatar sa'o'i masu yawa. Garin ya sha ruwa alhali ƙofofin lafiyarsu ƙalau. Bayan haka aka riƙa ajiye ma'aikata cikin shiri ko da hasashe bai kai iyaka ba, kuma a hankali aka sauko da iyakar zuwa 110 da aka tsara tun farko. A wannan kaka da hunturu na farko an rufe sau 20.

Ranar 22 ga Nuwamba 2022 guguwa ta ɗaga teku zuwa wajen mita 2 a bakin wasu mashigan, wato kwatankwacin 1966 da 2019. Ƙofofin sun riƙe, ruwan birni bai kai 70 ba, makarantu da kantuna suka yi harkarsu.

San Marco ya buƙaci magani na daban, saboda ruwan 70 zuwa 100, wanda ba a rufe tafki dominsa, ya ishe shi ɓarna, kuma irin wannan ruwa yana zuwa sau da yawa a shekara. A 2019 an sa bawul da injinan jan ruwa a tsoffin magudanan da ke ƙarƙashin zauren shiga majami'ar, don hana ruwa ɓullowa ta ƙasa. A Nuwamba 2022 kuma aka kammala shingen gilashi a kewayen ginin, wanda ya kare daɓen marmara da adon ƙananan duwatsu daga gishiri. Shi kuwa dandalin ya ci gaba da jiƙewa a duk lokacin da ruwa ya wuce 80, yayin da ake aikin gyaran magudanansa. A shekarar ce kuma mazauna tsohon garin suka sauka ƙasa da 50,000.

Hukunci

Ta fuskar aikin da aka gina su dominsa, ƙofofin sun yi nasara, kuma ranar 22 ga Nuwamba 2022 ta kashe gardamar ko za su iya jure babbar guguwa. Dalilin nasarar a fili yake. Matsalar tana shigowa ta ƙofa uku ne kacal, kuma tafkin yana da faɗin da zai riƙe ruwan sama da na koguna na 'yan sa'o'i ba tare da ya tumbatsa ba, albarkacin kogunan da aka karkatar ƙarnoni da suka wuce. Birnin da ba shi da wannan fasali ba zai kwaikwayi tsarin kai tsaye ba.

Amma ba daidai ba ne a jingina sakamakon ga ƙofofin su kaɗai. Rufe rijiyoyi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne ya hana tazarar da ke tsakanin ƙasa da teku ci gaba da raguwa da sauri. Ɗaga tituna zuwa 110 shi ne ya sa ba sai an rufe tafki a kan kowane ƙaramin ruwa ba, kuma cibiyar hasashe ce ke faɗin lokacin rufewa, kamar yadda 8 ga Disamba 2020 ta nuna da aka samu kuskuren santimita 13.

Babban kuskure a ganina yana cikin dokar 1984. Da aka haɗa mai nazari da mai tsarawa da mai gini a hannu ɗaya, aka kuma bar masu sa ido suna dogaro da bayanan wanda suke sa wa ido, babu wanda ya rage da zai auna farashi ko ya gwada wani tsari da gaske. Cin hancin da aka bankaɗo a 2014 ya fito ne daga wannan tsari, kuma asararsa ba ta tsaya ga kuɗin da aka sace ba, domin da an gama aikin a lokacin da aka fara alkawari, da ambaliyar 2018 da ta 2019 ba su shiga gari ba. Sharaɗin ɓoye ƙofofi a ƙarƙashin ruwa ma yana da tsada mai ɗorewa, tun da dole a riƙa ciro kowace ƙofa lokaci zuwa lokaci a kankare ta a sake fenti, a kuma yashe gurbinta.

Saura batun yawan rufewa. An tsara aikin da tunanin za a rufe 'yan lokuta a shekara, amma cikin shekaru biyar na farko an rufe kimanin sau 100. Kowane rufewa yana cin ɗaruruwan dubban Yuro, yana tsayar da jiragen Marghera da masuntan Chioggia, yana katse wankin da teku ke yi wa hanyoyin ruwan gari, kuma bincike ya nuna yana hana fadamun gishiri lakar da manyan ruwaye ke kawo musu, wadda da ita suke ɗagowa su bi hauhawar teku. An ce tsarin zai jure ƙarin tsayin teku na santimita 60, kuma ƙarfen na iya jurewa, amma tun kafin a kai nan kwanakin rufewa za su yawaita har tafkin ya riƙa yin makonni a toshe. Dokar da aka yi a Agusta 2020 ta kafa sabuwar hukumar tafki don ta karɓi sarrafa ƙofofin da kula da su, kuma a kanta ne zai faɗa a tsayar da adadin santimitar da za a bari ya shiga gari don tashar jirage da fadamu su rayu.